Harsashi ya sami wanda bai ji ba bai gani ba: za a iya kai kamfanin da ya ƙera bindigar kotu?

Duk sanda aka ji an sake harbe-harbe a Bawku, ko aka ce harsashi ya kauce ya sami yaro a wani lungu na Nima ko Aboabo, akwai tambayar da takan taso a majalisun shayi na zango bayan an gama jaje. Bindigar nan ai ba daga sama ta faɗo ba. Wani kamfani ne ya ƙera ta, ya sayar, ya ƙirga ribarsa. To me ya hana a maka shi a kotu ya biya diyya, kamar yadda ake kama mai mota idan direbansa ya buge mutum?

Maganar ta ƙara ƙarfi tun ranar 5 ga Yuni, 2025, da Kotun Ƙolin Amurka ta yi watsi da ƙarar da gwamnatin Meksiko ta kai kamfanin Smith & Wesson da wasu takwarorinsa, tana neman dala biliyan 10 saboda bindigoginsu da ke kwarara hannun gungun masu fataucin ƙwaya. Wasu sun ɗauka hukuncin ya wanke masu ƙera makamai fes, a ko'ina, har abada. Wasu kuma cewa suke yi, tunda Meksiko ta gwada, Ghana ma ta gwada mana. Kowane ɓangare ya tsallake abubuwa da yawa. An taɓa rataye mai sayar da guba, an taɓa ɗaure dillalan makamai, an taɓa ƙwace kuɗin kamfani. Sai dai kowane ɗaya daga cikinsu da takamaiman dalilin da ya sa ya shiga hannu.

## "Kai kamfani kotu" abu uku ne

Akwai ƙarar neman diyya, wadda wanda aka raunata ko magadansa ke shigarwa da kansu, su ɗauki lauya, in sun yi nasara a ba su kuɗi. Akwai tuhumar aikata laifi, wadda hukuma ce kaɗai ke shigar da ita (a Ghana ikon yana hannun Antoni Janar), ƙarshenta ɗauri ne ko tara, tarar kuma baitulmali take shiga. Na ukun shi ne ƙalubalantar lasisi, inda wata ƙungiya ke kai gwamnatin ƙasarta kotu ta ce izinin da ta bai wa kamfani na fitar da makamai ya saɓa doka. A nan ko an yi nasara, iyakar abin da ake samu shi ne a dakatar da jigila.

Saboda haka duk wanda ya ji an ce an kayar da kamfani kaza a kotu, ya fara tambaya wace iri ce. Sau da yawa ko sisin kwabo ba ya kaiwa gidan mamaci.

## Abin da ya raba kwalbar giya da bindiga

Ghana ta gaji dokar sakaci ne daga Birtaniya. Tushenta wata shari'a ce ta 1932, inda wata mata a Scotland ta sha lemon citta ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a cikin kwalbar. Kotu ta ce wanda ya sarrafa kaya yana da nauyin kula da wanda zai yi amfani da su, ko da ba su taɓa haɗuwa ba. A nan gida ma an yi irinta a 1965: wani mutum ya kai kamfanin giya na Kumasi ƙara bayan ya tarar da ruɓaɓɓiyar kwakwar manja a kwalbar da yake sha, kuma kotu ta ba shi gaskiya. Har yau ɗaliban lauya a Legon da Kumasi suna karanta ta.

Abin lura shi ne, a shari'o'in nan biyu kayan ne suka zo da aibi. Idan maharbi ya sayi sabuwar bindigar farauta a hannun dila mai lasisi, ya sa mata harsashin da ya dace, bututunta ya tsage ya cire masa yatsu, to yana kan wannan hanya, yana iya bin dilan da wanda ya shigo da ita har zuwa masana'anta. Amma bindigar da aka saita aka danna kunamarta ta kashe mutum, a idon doka ba ta da aibi, aikin da aka yi ta dominsa ta yi. Sannan tsakanin masana'anta da gawa akwai wani mutum mai hankalinsa da ya zaɓi ya yi harbi, kuma alƙalai kan ce wannan zaɓin nasa ya yanke igiyar da ta ɗaure ɓarnar da wanda ya ƙera.

Wanda ya zauna a gaban malamai a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Fiƙihu ya raba mubashir, wato wanda ya aikata da hannunsa, da mutasabbib, wato wanda ya zama sanadi. Wani ya haƙa rijiya, wani ya tunkuɗa mutum ciki, hukunci na kan wanda ya tunkuɗa. Amma malaman nan ba su tsaya a nan ba. Imamu Bukhari ya ware babi a kan sayar da makami lokacin fitina, ya kawo cewa sahabi Imrana ɗan Husaini ya ƙi hakan. Malikawa kuma, da ƙa'idarsu ta toshe kafar ɓarna, sun hana sayar da makami ga wanda aka san zai yi zalunci da shi, kamar yadda suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Kalmar da komai ya rataya a kanta ita ce "aka san". Kotunan zamani ma a kanta suka tsaya.

## Waɗanda sani ya kama

A watan Maris na 1946 wata kotun sojan Birtaniya a Hamburg ta gurfanar da Bruno Tesch, mai kamfanin da ke raba maganin ƙwari da ake kira Zyklon B, wanda 'yan Nazi suka yi amfani da shi wajen hallaka mutane a sansanonin Auschwitz. Hujjarsa ita ce shi maganin ƙwarƙwata da kuɗin cizo yake sayarwa. Shaidu daga cikin ma'aikatansa suka nuna ya san inda kayan ke zuwa da abin da ake yi da su. Aka rataye shi da mataimakinsa Karl Weinbacher. Mutum na uku, ma'aikacin fasaha, an sallame shi, domin matsayinsa bai kai ya hana ko ya yarda a aika kayan ba.

Shekara kusan sittin bayan haka Holan ta kama ɗan ƙasarta Frans van Anraat, wanda ya sayar wa gwamnatin Saddam Hussein fiye da tan 1,000 na wani sinadari da ake haɗa iskar guba da shi. Cewa ya yi na masaƙu ne. Kotu ba ta yarda ba, ta ɗaure shi shekara 15 a 2005, da ya ɗaukaka ƙara aka mayar 17 a 2007. Wannan ita ce gwamnatin da ta watsa guba a garin Halabja a Maris 1988, mutum kusan 5,000 suka mutu.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce ta Guus Kouwenhoven, shi ma ɗan Holan, mai harkar katako a Laberiya. Jiragen ruwan da ke hidimar katakonsa sun riƙa shigo wa Charles Taylor, shugaban Laberiya na lokacin, da makamai ta tashar Buchanan. Duk wanda ya san yadda sansanin Buduburam da ke hanyar Kasoa ya cika da 'yan gudun hijirar Laberiya ya san abin da makaman yaƙin nan suka haifar. An ɗaure shi a 2006, aka wanke shi a 2008, aka sake shari'ar, sai a Afrilun 2017 aka yanke masa shekara 19 ba ya nan. Yana Afirka ta Kudu a lokacin, yunƙurin miƙa shi kuma ya cije a kotunan can.

Duka waɗannan mutane ne aka hukunta da sunansu, kuma 'yan kasuwa ne da ke tsaye kusa da mai kisan, suna magana da shi, suna karɓar kuɗinsa. Babban kamfani mai dubban ma'aikata da rassa a ƙasashe goma ya fi haka wuyar kamawa, domin da wuya a nuna mutum ɗaya a ce shi ne ya sani kuma shi ne ya sa hannu. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague, wadda Ghana ke cikinta tun 1999, ba ta da hurumin gurfanar da kamfani sam, mutane kawai take tuhuma. Faransa ta nemi a sa kamfanoni a taron Rum na 1998 da ya kafa kotun, ba a amince ba. Tarayyar Afirka ta sa su a yarjejeniyar Malabo ta 2014, amma sai ƙasashe 15 sun rattaba mata hannun ƙarshe kafin ta fara aiki, kuma ba a kai ba.

## Takardar da ake yin ƙarya a kanta

Duk cinikin makamai na halal tsakanin ƙasashe yana tafiya da wata takarda, a kira ta takardar makomar kaya. Sau da yawa shafi ɗaya ce ko biyu: sunan ma'aikatar da ta saya, irin makamin da adadinsa, alƙawarin cewa rundunar ƙasar ce kaɗai za ta yi amfani da shi kuma ba za a miƙa wa wani ba sai da izinin ƙasar da ta sayar, sai sa hannun jami'i da hatimi. Da ita kamfani ke zuwa ya karɓi lasisi. Matsalar ita ce ƙasashe kaɗan ne ke tura mutum bayan shekara ɗaya ya je ya ƙirga akwatunan ya ga ko suna nan.

A Maris 1999 jirgin sama ya sauke tan 68 na makamai daga Yukren a Wagadugu, da takardar da ta ce na sojojin Burkina Faso ne. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe su zuwa Laberiya a jirgin wani dillali, Leonid Minin, kamar yadda masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka gano. An kama Minin a kusa da Milan a Agustan 2000 da tarin takardun cinikinsa. Kotunan Italiya suka ce ba su da hurumi, tunda makaman ba su taɓa ƙasarsu ba.

Kamfanin Jamus Heckler & Koch, mai bindigar G3 da sojojin yankin nan suka daɗe suna riƙewa, shi takarda ce ta kama shi. Tsakanin 2006 da 2009 ya sayar wa Meksiko bindigogin G36 fiye da 4,000. Hukumomin Jamus ba su yarda a kai su wasu jihohi masu fama da rikici ba, ciki har da Guerrero, sai aka gyara takardun makoma aka cire sunayen jihohin, bindigogin kuma suka je can. A Guerrero ne 'yan sandan garin Iguala suka far wa ɗaliban wata kwalejin malamai a Satumbar 2014, har 43 suka ɓace. A Fabrairun 2019 kotu a Stuttgart ta ba da umarnin ƙwace Yuro miliyan 3.7 daga kamfanin, ta yi wa tsofaffin ma'aikata biyu ɗaurin talala, ta sallami uku. Laifin da aka hukunta shi ne yaudarar ofishin lasisi. Jinin ɗaliban bai shiga lissafi ba, kuɗin kuma baitulmalin Jamus ya shiga.

## Idan gwamnati ce ta ce a sayar

Ranar 8 ga Oktoba, 2016, bam ya faɗa wani gida a ƙauyen Deir al-Hajari da ke Yaman, ya kashe iyali na mutum shida, har da uwa mai juna biyu da 'ya'ya huɗu. A cikin ɓaraguzai masu bincike suka tsinci wani ƙarfe mai kamar zobe, wanda da shi ake rataye bam a ƙarƙashin jirgin yaƙi. Lambobin jikinsa sun nuna kamfanin RWM Italia ne ya yi shi, reshen Rheinmetall na Jamus. Da wuya a sami shaidar da ta fi wannan: ga gawa, ga ƙarfe, ga lamba. Ƙungiyoyi suka kai ƙorafi ga masu gabatar da ƙara na Rum a Afrilun 2018, a kan shugabannin kamfanin da jami'an da suka ba da lasisi. A Maris 2023 aka rufe fayil ɗin ba a gurfanar da kowa ba.

Nan ne katanga mafi tsayi take. Kamfani ya ce gwamnati ce ta duba ta ba ni izini. Gwamnati ta ce na bi ƙa'ida, kuma harkar tsaro da hulɗar ƙasashe ba ta alƙali ba ce. Yarjejeniyar Cinikin Makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta fara aiki ranar 24 ga Disamba, 2014, Ghana kuma ta shige ta a 2015, ta hana ƙasa ba da izini idan ta san za a kai wa farar hula hari da makaman, ta kuma wajabta a auna haɗarin kafin a sa hannu. Amma gwamnatoci ta ɗaure, ba kamfanoni ba, ba ta da kotu, ba ta tanadi diyya ba. Amurka ta sa hannu ba ta tabbatar ba, Rasha ko hannun ba ta sa ba.

Masu ƙalubalantar lasisi sukan ɗan taɓuka. A Yunin 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ce gwamnati ta karya doka da ta ci gaba da ba da izinin sayar wa Saudiyya makamai ba tare da ta duba hare-haren baya a Yaman ba. Gwamnati ta je ta duba, ta ce tsiraru ne ba ɗabi'a ba, ta ci gaba da ciniki a Yulin 2020. A Fabrairun 2024 wata kotu a Holan ta hana aika wa Isra'ila kayan gyaran jirgin F-35, daga baya Kotun Ƙolin ƙasar ta mayar da maganar hannun minista ya sake aunawa.

## To me ya faru da Meksiko?

Amurka tana da wata doka ta musamman tun 2005 wadda ta hana a kai masu ƙera bindiga da dilolinsu ƙara saboda laifin da wani ya aikata da kayansu. Ta bar 'yan kafofi: bindiga mai aibi, dilan da ya miƙa makami ga wanda a fili bai cancanta ba, ko kamfanin da da saninsa ya karya wata doka ta sayarwa ko ta talla.

Ta kafar talla iyalan Sandy Hook suka shiga. A Disambar 2012 wani matashi ya kashe yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook a jihar Connecticut da bindiga ƙirar Bushmaster. Iyalai tara suka ce kamfanin Remington, mai ƙera ta, ya riƙa tallata ta ga samari a matsayin shaidar mazantaka, wanda ya saɓa wa dokar ciniki ta jihar. A Fabrairun 2022 aka sasanta a kan dala miliyan 73. Kamfanonin inshora ne suka biya, Remington ya riga ya karye, kuma sasantawa ce, alƙali bai yanke hukunci ba.

Meksiko ta so ta bi kafar karya doka, ta ce kamfanonin sun san wasu diloli na sayar wa 'yan fasa-ƙwauri amma suka ci gaba da ba su kaya. Alƙalai tara duka suka ƙi. Mai shari'a Elena Kagan ta rubuta cewa Meksiko ba ta nuna takamaiman cinikin da kamfanonin suka taimaka aka yi ba, kuma sanin cewa akwai ɓata-gari a cikin diloli bai kai a ce an haɗa baki da su ba. Hukuncin fassarar dokar Amurka ne, bai ɗaure kotun Akra ko ta Abuja ba. Meksiko ma ta riga ta shigar da wata ƙarar daban tun 2022 a kan shagunan bindiga biyar na jihar Arizona, wato ta sauko kusa da inda aka miƙa kayan hannu da hannu.

Baƙon da ke tunanin zuwa Amurka ya kai ƙara kuma ya san ƙofar ta ƙuntata. A 2013 Kotun Ƙolin ta kori 'yan Ogoni na Najeriya da suka kai Shell. A 2021 ta kori 'yan Mali shida da suka ce an bautar da su suna yara a gonakin koko na Kodebuwa, suka kai Nestlé da Cargill. Dalilin ɗaya ne, abin ba a ƙasar Amurka ya faru ba. Tsofaffin sojojin Amurka da gubar Agent Orange ta shafa a yaƙin Biyetnam sun karɓi dala miliyan 180 daga kamfanonin sinadarai a 1984. 'Yan Biyetnam da aka zuba wa gubar a gonakinsu, an kori ƙararsu a 2005.

## Hujjar kamfanoni da ta masu ƙara

Kamfanoni na cewa an bar jaki ana dukan taiki. Sana'arsu halal ce, kowace ƙasa na buƙatar makamai, kuma gwamnati ce ke da jakadu da 'yan leƙen asirin da za su san halin mai saye. Akwai gaskiya a ciki. Sojan Ghana da ke gadin iyakar arewa ba da sanda zai tari 'yan ta'addan Sahel ba.

Masu ƙara kuma na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanin da ya sayar da jirgin yaƙi ba ya juya baya ya tafi, yakan ɗauki shekaru yana aika injiniyoyi da kayan gyara da sababbin bama-bamai, yana kuma karanta rahotannin da kowa ke karantawa. Manyan kamfanonin makamai 100 na duniya sun sami dala biliyan 632 a 2023 bisa lissafin cibiyar SIPRI ta Sweden, don haka kuɗin bincike ba ya gagarar su. A ganina hujjar kamfanoni tana da ƙarfi a jigilar farko, amma tana raguwa a kowace jigila da ta biyo bayan an ga gawarwaki. Lasisi izini ne a sayar, ba wanda ya tilasta wa kamfani ya sayar.

## Bindigogin da ke yawo a Ghana

Binciken da cibiyar Kofi Annan da ke Teshie ta yi a 2014 ya ƙiyasta ƙananan makamai miliyan 2.3 a hannun farar hula, kusan miliyan 1.1 daga ciki ba su da rajista. Waɗannan ba daga hanya ɗaya suka fito ba, kuma kowace hanya da wanda za a iya tuhuma a kanta.

Ɗauki AK-47. Suna ɗaya ne amma masana'antu da yawa ne suka yi ta. A gefen hagu, kusa da inda bututu ya shiga jiki, akwai tambarin masana'anta da lambar bindiga, sau da yawa har da shekara. Kibiya a cikin alwatika ta Izhevsk ce a Rasha, tauraro na Tula, 10 a cikin da'ira ta Bulgeriya, 11 a cikin zobe mai siffar ƙwai ta Foland, 66 a cikin alwatika ta Sin. Kwanson harsashi ma yana magana: a gindinsa akan buga lambobi biyu, ɗaya ta masana'anta ɗaya ta shekara, misali 539 Tula ke nan. Sai dai kwanso iyakarsa ya faɗi wanda ya yi da yaushe. Lambar da ke nuna wa aka sayar wa tana jikin akwatin da aka zubo harsasan ne, shi kuma tuni an jefar.

Idan lambar bindiga na nan ba a goge ta da gurza ba, 'yan sanda na iya aika tambaya ta hanyar Interpol zuwa ƙasar da ta ƙera, a duba wanda aka fara sayar wa. Amsar takan zama wata gwamnati ce shekara talatin ko arba'in da suka wuce, wani lokaci ma ƙasar da ta sayar ɗin babu ita yanzu. Ko sababbi ma hanyar ɗaya ce. A 2021 Amnesty International ta gano bindigogin kamfanin Zastava na Sabiya a hannun 'yan bindigar Sahel, irin waɗanda aka sayar wa Burkina Faso da takardu cikakku. Daga rumbun gwamnati suke fita, ko a ƙwace su a fagen daga, ko wani na ciki ya sayar. Da ɗan gari akan ci gari. A irin wannan, bin masana'antar Turai ɓata kuɗi ne. Wanda doka za ta iya kamawa shi ne mai riƙe da mabuɗin rumbu, da direban da ya ɓoye su ƙarƙashin buhuna, da mai ɗakin da aka ajiye su, irin tarin AK-47 da G3 da 'yan sanda suka kama a Kumasi a ƙarshen 2015.

Kashi na biyu bindigogin farauta ne da harsasan AA da BB da diloli masu lasisi ke shigowa da su. Nan ne dokar sakaci za ta iya aiki a gida, domin dilan yana da shago da adireshi da littafin shiga da fita, kuma wanda ya sayar wa mutumin da ba shi da izinin 'yan sanda ya karya doka da saninsa.

Na uku su ne na maƙera, daga harba-ruga har ƙananan bindigogin da ake cusawa a ƙugu, waɗanda 'yan fashi suka fi samu da araha. Dokar makamai ta 1972 ta hana ƙera bindiga ba da izinin hukuma ba, don haka sana'ar ta koma ɓoye, abin da ake ƙerawa kuma ba lamba ba tambari. Ga mai ƙera makami a kusa, a ƙauye ko bayan gari, amma ba a iya danganta bindigar da shi, in ma an danganta ba shi da abin biyan diyya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 ta nemi ƙasashe su yi wa irin waɗannan maƙera rajista su sa ido a kansu, Hukumar Kula da Ƙananan Makamai da aka kafa da dokar 2007 kuma ta jima tana faɗin cewa dokokin 1962 da 1972 sun tsufa.

## Idan abin ya faɗo gidanku

Abu na farko shi ne shaida, kuma a awannin farko ake rasa ta. Kada a bar yara su tsince kwanso su kai wa masu sayen tagulla. A ɗauki hotonsa a inda ya faɗi, a ɗauki gindinsa kusa-kusa yadda lambobin za su fito, a bar 'yan sanda su ɗauka, a kuma rubuta sunan ofishin da lambar fayil. Wanda ya ji rauni ya karɓi fom ɗin likita daga wajen 'yan sanda a cike masa a asibiti, ya adana kowane rasit, har na magani da na mota.

Wuri mafi nauyi gare mu shi ne jana'iza. Muna gaggauta binne mamaci, kuma iyalai da yawa ba sa son a taɓa gawa. Amma harsashin da aka binne da mutum shi ne abin da ɗakin binciken 'yan sanda zai gwada da bindigar da aka kama. Gara dattawan gida da liman su je asibitin Komfo Anokye ko na Korle Bu su matsa a yi binciken da wuri a ba su rahoto, da su matsa a saki gawa ba a duba ba.

Idan jami'in tsaro ne ya yi harbin, gwamnati ake bi, ta Babbar Kotu a ƙarƙashin sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1992, ko ta hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, CHRAJ, wadda ba a biyan kuɗin shigar da ƙorafi. Kwamitocin da suka binciki harbin Ayawaso West Wuogon na 2019 da na Ejura na 2021 duka sun ba da shawarar a biya diyya, amma shawarar kwamiti ba hukuncin kotu ba ce. Akwai kuma kotun ECOWAS a Abuja, wadda ke karɓar ƙarar mutum a kan gwamnati ko bai gama da kotunan gida ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Sai lokaci. Ƙarar rauni da ta mutuwa shekara uku doka ta ba su, kuma jiran a gama shari'ar wanda ya yi harbin ba ya tsayar da ƙirgen. Ƙarar mutuwa guda ɗaya tak ake shigarwa a madadin duk waɗanda mamacin ke ciyarwa, saboda haka gidan da ke da uwargida da amarya da 'ya'yan ɗaki-ɗaki sai sun zauna sun haɗa sunayen kowa a takarda ɗaya kafin lauya ya kai ta kotu.